Jan Lalle a Hannun Liatu

Ni na fara gani. Kafin mai hannun ta gani, kafin 'yarta Charity, kafin masu bakin nan na tashar keke da yanzu kowannensu ke cewa ai shi ya lura tun farko. Ƙarya suke yi. Ni Hammawa Wanzami, da ke zama gindin dogon yaro a bakin titin Gwallaga, ni na ga farin nan a hannun Liatu mai masa tun yana kamar ƙwayar shinkafa, a gindin babban yatsanta na dama, daidai inda ludayi ke kwanciya.

Ban yi boko ba, allo ma ban wuce izu biyu ba. Toma ne ke rubuta wannan, wani tsohon malamin firamare da ya yi ritaya ya dawo cin gorona, ni kuma ina faɗa. Na gaya masa in ya gyara mini magana ko guda zan gane, don sai na sa an karanta mini. Amma in karatun fata ne, duk garin nan ban ga wanda zai zauna gabana ba. Shekara hamsin da 'yan kai ina riƙe kawunan mutane. Na san tabon da uwa ta manta ɗanta yana da shi. Na san wanda zai kwanta ciwo sati mai zuwa daga yadda ƙeyarsa ke zufa.

Safiya ce ta farkon damina. An kwana ana yayyafi, gari ya yi laushi, gajimare ya sauko ya zauna kan duwatsu kamar ba shi da niyyar tashi. Liatu tana tsallaken titi, inda take zama shekara goma sha tara, tandarta kan murhu, tururi na tashi yana naɗe ta har sai ka ga kamar ba a ƙasa take zaune ba. Mutuniyar Bogoro ce. Mijinta ya rasu tun Charity na goye, kuma da masar nan ta rene ta har ta aurar da ita. Masu keke su ne mutanenta. Kafin su ɗauki fasinjan farko sai sun tsaya wurinta, kowa da kwanonsa, a jera masa masa a kwarara miyar taushe.

Na tsallaka na miƙa nawa kwanon.

"Baba Wanzam, an tashi lafiya? Uku yau ma?"

"Huɗu, Maman Charity. Ki zaɓo masu ƙonannen gefe. Haƙorana biyu suka rage, amma har yanzu ba su san tsoro ba."

"Wanda ya faɗa mini cikin miya wancan watan fa?"

"Ritaya ya yi, kamar Toma."

Tana dariya tana kwasa, sai rana ta ɗan leƙo ta tsakanin gajimare ta sauka kan hannunta. A nan na gan shi. Wani zai ce ƙullu ne ya fantsama, don ƙullu fari ne kuma hannun mai masa ba ya rabuwa da shi. Amma ƙullu a kan fata yake zama. Wannan daga ciki yake, kamar an kunna 'yar fitila ƙarƙashin fatar.

Dole in gane shi, tunda abokin zamana ne. Wanda bai taɓa ganina ba, bari in gaya masa. An haife ni baƙi wuluk. Yau fuskata rabi da rabi ce, hannuwana fari fat har gwiwa, sai 'yan tsibirai baƙaƙe nan da can da suka ƙi tafiya. Albaras ake ce masa.

Gonar ubana tana can wajen Gubi, a kwarin da yanzu ruwa ya cika. Shekarar da aka yi madatsa aka tare ruwan, kullum da safe nakan hau tudu in tsaya in duba. Ruwan ba ya gudu, ba ya ƙara. Yau ya taɓa kunyar farko, gobe ka zo ka tarar ya shanye uku, kuma ba wanda ya ga lokacin da ya yi. Har ya kai tsamiyar da muke hutawa, ta tsaya a tsakiyarsa ita kaɗai, balbelu suka mayar da ita gida. A shekarar nan farin ya fito mini, a gefen idon hagu. Shi ma haka yake tafiya. Ba ciwo, ba ƙaiƙayi. In kwanta da baƙin yatsa, wata ya zagayo in ga ya zama na wani. Har na riƙa ganin kamar ruwan nan ne ya biyo ni gida, yana neman sauran gonar a jikina.

Dangi suka ce kuturta ce. Ƙanin ubana ya karɓe zabirata, jakar da nake zuba aska da ƙaho, ya ce hannu irin wannan ba zai sake taɓa kan Musulmi ba. Aka ware mini kwano. Daga baya aka sa ni a mota aka kai ni wani sansanin kutare mai nisa, aka ajiye ni bakin ƙofa da tabarmata. Mutanen da na tarar can sun fi na gida kirki, wannan ka rubuta shi da kyau, Toma. Su suka fara ba ni tuwo ba tare da sun tura mini shi da ƙafa ba. A kwana na tara wata tsohuwar ma'aikaciyar asibiti ta kira ni. Ta ce in rufe ido. Ta ɗauki auduga tana shafa farin, ta ce duk inda na ji in nuna. Na nuna ko'ina. Ta ce, "Tashi ka tafi gida. Tabon kuturta ba ya jin taɓawa. Naka launi ne kawai ya tafi, kuma ba ka iya sa wa kowa."

A ƙasa na dawo, kwana uku, don ba direban da ya yarda ya ɗauke ni. Ban koma gidanmu ba. Na zo gindin dogon yaron nan, lokacin bai fi tsayina ba, na sayi aska guda na zauna. Kusan shekara ina wasa aska ba kan da zan ɗora ta, sai na baƙi da ba su san labari ba. Da wani ne, da ya mutu. Ni kuwa ga ni. Ƙanin ubana da duk masu ware mini kwano na raka su maƙabarta ɗaya bayan ɗaya, da yatsuna goma cif.

To, duk wannan na sani, kuma na karɓi masata na tsallako ban ce wa Liatu komai ba.

Mu wanzamai muna da doka, ubana ya ba ni ita tare da aska. Abin da ka gani a jikin mutum, a jikinsa za ka bar shi, sai in shi ya tambaya. Da ba don haka ba, ba mai sunkuyar mana da kai. Na riƙe dokar nan shekara hamsin ina alfahari da ita. Na ce a raina in ta gani za ta zo, ai ga ni nan a gabanta kamar allon talla.

Ba ta zo ba. Ina daga nan ina kallo. Ƙwayar shinkafa ta zama ƙwayar gyaɗa. Kafin gero ya fid da kai farin ya haye bayan hannun, ya aika wani ƙarami can wuyan hannu, kamar yadda gajimare ke sakin ɗa. Da farko ita ma ƙullu ta ɗauka. Sai in ga ta tsoma hannu a bokiti ta cuɗa, ta duba, ta sake cuɗawa da toka. Rannan ta daina cuɗawa. Ta tsaya tana kallon hannun har masa ta ƙone a tanda, abin da ban taɓa gani ba. Daga ranar ta koyi dabara: kullum sai ta bar ƙullu ya bushe mata a wurin. Masu keke na ci suna santi, ba wanda ya lura.

Da ta tsaya a nan, da an daɗe ba a gane ba. Amma sai ta kai kukanta wurin maƙwabciyarta Zubaida mai ƙunshi, wadda ke yi wa amare lalle. Zubaida ba ta nufe ta da sharri ba. A saninta lalle duhu yake ƙara wa fata, don duk hannun da ta taɓa ƙunsawa baƙi ne. Ta kwaɓa mai kauri, ta matsa lemon tsami don ya kama sosai, ta lafta mata a kan farin, aka ɗaure ya kwana.

Ran Litinin da safe Liatu ta fito da zane lulluɓe da hannu. Amma ba a juya masa da hannu a lulluɓe. Da ta janye zanen, daga tsallaken titi na hango. Inda fatar take baƙa lallen ya ɓace ciki. Inda take fara kuwa ya fito ja zur, ɗanye, kamar an feɗe wurin.

Na san wannan jan. Ni ma na yi wautar nan ina saurayi, bayan na gwada baba na marina da gawayi da man kaɗanya. Kalma ɗaya daga bakina da ta tsare ta.

Ɗanlarai ne a gaban layi. Shi ne shugaban masu keke na tashar nan, ƙato mai tumbi, ya ba arba'in baya, kuma abin da ya faɗa shi yaransa ke yi. Ya miƙa kwano, ya ga hannun, ya janye kwanon a hankali.

"Maman Charity, mene ne wannan?"

"Ba komai, lalle ne."

"Lalle ba ya yin haka. Matata na yin lalle." Ya ja da baya taku ɗaya. Bai ɗaga murya ba, amma kowa ya ji. "Allah ya sa ba kuturta ba ce ta fara ci."

Layin ya watse ba hayaniya, kamar tururin tandar. Kowa ya tuna yana da fasinja. Wani ya tofar da abin da ke bakinsa bayan keke. Kafin hantsi maganar ta kai bakin kasuwa, ta dawo da ƙari: wai yatsa ɗaya ya riga ya faɗi, wai kifi ta ci ta sha nono a kai, wai wata mai masa ce ta yi mata asiri. Kuma lalle ba ya fita don an roƙe shi. Ta wanke da sabulu, da kanwa, da kalanzir. Yana nan.

Talata ni kaɗai na saya, sai wani baƙo. Laraba ni kaɗai. Ƙullun ya yi tsami a roba, da azahar na ga ta kai shi bakin kwata ta juye, fari yana bin ruwan sama yana tafiya.

Ranar nan bayan azahar na jingina da dogon yaro, gyangyaɗi ya ɗauke ni. Sai ga ni a Gubi, ina tafiya a kan ruwa kamar kan daɓe. Ruwan ya zama fari, ba kumfa ba, fari irin na ƙullu, shiru, har iyakar gani. Ina leƙawa ƙasa ina hango gonar ubana, dawa na tsaye tana kaɗawa a hankali, ba abin da ya same ta. Can tsakiya tsamiyarmu, a gindinta Liatu ta kafa murhu tana suya. Duk masar da ta juya sai ta tashi sama ta zama balbela. Ina kiranta in gaya mata wani abu, na san muhimmi ne, amma bakina cike da auduga. Tana ta soyawa suna ta tashi, har sama ta cika. Da na farka kiran la'asar ake yi, ganyen dogon yaro ya zubo mini a cinya, kuma wurinta wayam, ta kwashe.

Alhamis ba ta hura wuta ba. Wajen hantsi ta tsallako wurina, karo na farko cikin shekara goma sha tara. Ta durƙusa daga nesa, hannun a cikin zane.

"Baba, na zo sallama. Asabar zan koma gida Bogoro. Tandar zan bar wa Zubaida."

"Me za ki yi a Bogoro?"

"In zauna a ɗaki. Can ko ba komai ba mai cin abin hannuna." Ta ƙara cusa hannun cikin zane. "Jikana ya miƙo hannu jiya in ɗauke shi, na ce wa Charity ta janye shi. Na ware kofina."

Da ta ce kofi sai na ji kamar an taɓa mini wani tsohon tabo.

"Fito da hannun in gani."

Ta fito da shi. Na ajiye nawa kusa da shi, ban taɓa ta ba. Ta dubi nata ta dubi nawa, ta daɗe.

"Iri ɗaya ne, Baba?"

"Uwa ɗaya uba ɗaya."

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun ruwan farko."

"Kullum ina zuba maka masa, kana kallona, ka yi shiru."

Ni ba a cin ni da magana. Na yi musu da alkalai, na yi da 'yan siyasa, aska a wuyansu. Amma rannan ita ta ci ni. Na ce mata dokar wanzamai ce. Ta ce ita ba kai ta kawo mini aski ba.

"Gaskiyarki," na ce. "Yau ki jiƙa shinkafa, gobe ki hura wuta."

"Wa zai ci?"

"Ke dai ki hura. In gobe ta wuce ba a ci ba, ni zan ɗaukar miki kaya zuwa tasha."

Bayan la'asar na je ƙofar gidan su Zubaida na yi sallama. Ta fito idanunta a kumbure, don ita ma kwana uku tana kukan abin da ta jawo. Na ce ta kwaɓa mini lalle irin wancan, da lemon tsamin da komai. Duk da halin da take ciki sai da ta rufe baki da mayafi.

"Baba, amarya za a yi? Wa ya yi sa'a?"

"Kwaɓa dai. Ranar biki za ki gani."

Na lafta shi a hannun hagu, na naɗe da tsumma, na kwana da shi.

Juma'a ranar wanzami ce. Tun hantsi benci ya cika, kowa na son ya shiga masallaci da sabon aski. Wanda ya tambayi tsumman hannuna sai in ce tsufa ne. A tsallake Liatu ta hura wuta kamar yadda na ce. Tana soyawa tana tarawa a kwano, ba kowa gabanta, tururi kaɗai.

Na bari sai da layi ya zo kan Ɗanlarai. Ya zauna kan tabarma, na yafa masa ƙyalle, na jiƙa kan da ruwa da sabulu. Na dafe ƙeyarsa da hannun hagu, na bi ɓarin dama da aska tun daga goshi har wuya, tas, yana ƙyalli kamar ƙwarya. Ɓarin hagu na nan da gashinsa da kumfa. Sai na goge aska, na naɗe ta, na jefa a zabira, na miƙe.

"Baba, ina za ka? Ba ka gama ba."

"Yunwa nake ji."

"To ƙarasa mana tukuna."

"In ban ci masa ba hannuna rawa yake. Kana so ka je masallaci da kunne ɗaya?"

Na rataya zabira na tsallaka titi. Ya duba hagu ya duba dama, ba wani wanzami sai can Wunti, kuma ba ya iya ratsa gari da rabin kai. Ya taso da ƙyalle a wuya, kumfa na bin kunnensa. 'Yan benci suka biyo shi suna dariya, masu keke suka taso daga tasha don su ga shugabansu. Kafin in isa tanda an yi taro. Zubaida ma ta leƙo daga zaure.

Na ciro gashin zabuwa daga zabira, wanda nake shafa magani da shi bayan tsaga.

"Maman Charity, miƙo hannun. Rufe ido. Duk inda kika ji na taɓa, ki nuna da ɗaya hannun."

Ta dube ni, ta dubi mutane, ta rufe. Wurin ya yi tsit, ba ka jin komai sai mai yana ƙara a tanda. Na sauke gashin a hankali kan jan nan, kamar yadda ƙuda ma ba ya sauka.

"Nan," ta ce, ta nuna.

Na koma gindin yatsa.

"Nan."

Na ɗaga gashin sama na riƙe, ban taɓa ba. Ta jira. Tururi na wucewa tsakaninmu, idonta a rufe, fuskarta kamar ta mai sauraron ruwa daga nesa.

"Ban ji komai ba, Baba," ta ce.

"Don ban taɓa ba."

Na ja shi a wuyan hannu. Sai ta janye hannun, dariya ta kuɓuce mata.

"Cakulkuli kake mini."

Na juya ga mutane. Na ce tabon kuturta ba ya jin taɓawa, ko da tsinke ne balle gashi, kuma wadda ta koya mini wannan ta fi su duka sani. Na ce wannan albaras ne, launi ne kawai ya tafi.

Ɗanlarai ya share kumfa daga ido. "Mun ji, Baba. Amma albaras fari ne. Jan nan fa? Wannan ai nama ne a waje."

A nan na fara warware tsumman. Ban yi sauri ba. Na bar busasshen lallen ya zube ƙasa, na tsoma hannun a bokitinta, na ɗaga shi sama. Ja zur, ɗanye, irin nata ba bambanci. Sai 'yan tsibiran baƙaƙen nan da lallen bai nuna a kansu ba.

"Lallen Zubaida ne, na jiya. Ga ta can ku tambaye ta. Haka yake kama farar fata. Kuma hannun nan shi ke dafe da ƙeyarka tun ɗazu."

Ya kai hannu ƙeya bai sani ba. Aka fashe da dariya.

"Ɗanlarai, wa ya yi maka askin suna?"

"An ce kai ne."

"Wa ya cire maka beli? Wa ya yi maka kaciya, kana ihu kana kiran uwarka Larai ta zo ta cece ka?"

"Haba Baba, akwai mata a nan."

"Da wane hannu na yi? Lokacin ya riga ya yi fari. Shekara arba'in hannun nan na yawo a kanka, ya shiga har cikin bakinka. Duba yatsunka, wanne ya faɗi?"

Ya sunkuyar da rabin kan nan nasa. "Naka daban ne, Baba. Kai mun saba."

"To ku saba da nata. Ni shekara guda kuka ɗauka, ku da iyayenku. Ita ba ta da shekara, gobe take tafiya."

Na miƙa kwanona. Ta kai hannu ga cokali, na ce ta ajiye, da hannu za ta sa mini. Ta ɗauko huɗu da jan hannun nan ta jera, ta zuba miya. Na tsuguna nan gabansu na ci, kwanon a nawa jan hannun, ban bar ko gefe ba. Da na gama na lashe yatsu na ce yau aska ta gaji, ba za ta hau kan wanda bai karya da masa ba.

Ɗanlarai ya daɗe a tsaye. Rana na dukan ɓarin da na aske. Daga can aka fara gwada lasifikar masallaci. Ya ce wa wani ya miƙo masa kwano daga keke. Ya karɓa, ya miƙa mata, idonsa na kan tanda ba kan hannunta ba. Ta zuba. Ya gutsura, ya tauna, kowa na kallon maƙogwaronsa har ya haɗiye.

"Miyar ta yi gishiri," ya ce.

"Shekara goma sha tara kana faɗin haka," in ji Liatu, "ban ga ka rage ba."

Mutum bakwai suka ci rannan, na gan su da idona. Sauran suka zame, wasu suka je masallaci da gashinsu. Na ƙarasa wa Ɗanlarai askinsa, kuma ban yanke shi ba ko kaɗan, ko da yake na yi tunani.

Asabar ta zo, Liatu ta hura wuta. Ba ta je Bogoro ba. Ba zan ce kowa ya dawo ba, don akwai waɗanda har yau in sun zo daidai wurinta sai su ƙara wa keke wuta. Amma ƙullu ya daina kaiwa azahar. Charity ta kai ta asibiti, likita ya duba ya faɗi abin da na faɗa, sai dai shi da Turanci. Ya ce ba a ɗauka, ba ruwansa da kifi ko nono, ya ba ta man shafawa, ya ce ta kiyayi rana don farin saurin ƙuna gare shi. Ya ce wataƙila ya tsaya, wataƙila ya ci gaba. Ya ci gaba. Yanzu ya kusa gwiwar hannu, kuma ba ta ɓoye shi da ƙullu. Jiya na hango jikanta a cinyarta yana bin gefen farin da yatsa, kamar mai neman hanya, ita kuwa tana juya masa da ɗaya hannun.

Ni kuma sati biyar na yi da jan hannu. Har liman sai da ya tambaye ni ranar ɗaurin aure.

Toma ya ɗago kai yanzu, wai mutane za su ce na ƙara gishiri, wai ba wanzamin da zai bar shugaban masu keke da rabin kai ranar Juma'a. To, wanda ke ganin ƙarya nake, hanya a buɗe take. Ya zo Gwallaga Juma'a mai zuwa da hantsi, ya zauna kan tabarmata, ya ba ni kansa. Zan jiƙa masa da kyau, in aske ɓarin dama tas. Daga nan sai ya ɗago ya dube ni, ya maimaita abin da ya ce.